Ƙofofi Huɗu Masu Kallon Majalisa

Shekarar da aka fara rufe iyakar Konni, har albasa ta ruɓe cikin manyan motoci a bakin hanya, ita ce shekarar da na gina masai a lakwal, wato makarantar bokon garinmu, cikin ƙasar Alela. Har yau in baƙo ya tambayi hanyar lakwal, sai a ce masa ya bi ta wajen ginin Idi. Ni ne Idin, kuma ba don yabo ake kiran ginin da sunana ba.

Ina rubuta wannan ne saboda ku samarin da kuke bina wurin aiki. Ina jin ku idan aikin masai ya zo, kuna tura wa juna, kuna cewa ai rami ne da ɗan ɗaki a kansa, ko yaro ya yi shi. Ku bene kuke so, ko shago mai baranda a bakin titi. To bari in gaya muku abin da ke cikin ramin da ɗakin.

Ramin farko da na shiga a Konni ne, bayan gidan wani mai sayar da goro, lokacin ko gemu ban fara ba. Maigidana Baba Tanko ya ba ni diga mai guntuwar ƙota, don mai doguwa ba ta juyawa a cikin rami, da cebur, da gugan roba mai igiya. Shi yana sama zaune kan bulo. Duk gugan da ya fito sai ya damƙi ƙasar ya murza ta a hannu, wani lokaci har ya sansana. A wurinsa na koyi cewa jar marmara tana tsayawa da kanta, rairayi kuwa yana da daɗin haƙa da safe, da la'asar ya rufta da mutum. Baƙar ƙasar fadama tana kumbura da damina ta tsage da rani, ta karya duk bulon da aka jera da ganganci. Ana barin ƴan kafofi a bulon ƙasa don ruwa ya tsotse, a liƙe na sama ƙam saboda ɓera da ruwan sama. Ba a haƙa ramin kusa da rijiya, ba kuma a kan tudun da ke gangarowa wajenta ba.

Daɓen simintin da ake rufe ramin da shi, wanda muke ce wa dal, shi ne ran aikin. A ɗaure rodi da waya gida-gida, a wanke tsakuwa, kada a yi rowar siminti. In an zuba a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, a yi ta shayar da shi safe da yamma har ya ƙoshi. Mai gida zai dame ka yana son ya fara shiga, kada ka yarda. Na taɓa ganin dal ɗin wani mai gaggawa ya burma, aka ciro akuya da igiya. Kowa ya gode wa Allah da akuya ce.

Masu ba da aikin masai ba su son faɗin sunansa. Mai gida zai ja ka gefe ya ce akwai ɗan wani aiki can baya, ya nuna da haɓa. Amma Baba Tanko ba ya sara diga sai ya nemi tsohuwar gidan. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Iya, ku ka shiga wurin nan dare da rana. Shiga ki tambayo muna inda sunka hi so." Ta shiga wajen matan gida, ta dawo da magana: kada ƙofa ta kalli zaure, kada hanyarsa ta bi ta gaban ɗakin mai gida, a bar wurin aje buta. Na ga ya yi haka ba iyaka. Ni a lokacin na ɗauka ladabi ne irin na tsofaffi, kamar cire takalmi a bakin zaure.

Aikin lakwal ya zo mini ta hannun kwamitin iyayen yara, bayan na dawo gida na zama mai gidan kaina. Wata ƙungiya ce ta ba da siminti daga Malbaza, da rodi da kwano da kyaurayen ƙarfe, gari kuma ya ɗauki yashi da ruwa. Kafin nan yara gonar geron da ke bayan aji suke zagayawa. Da damina gero ya rufa musu asiri, da rani su nausa cikin sabara. Ciwon ciki ba ya rabuwa da su, kullum akwai bencin da babu kowa a kansa. Don haka kowa ya yi murna da aikin.

Muka taru a filin lakwal don a nuna wuri: Liman, da wakilin maigari, da shugaban lakwal wanda muke ce wa Mushe, da ni. Malama ɗaya ce mace a lakwal ɗin, Madam, tana cikin aji tana koyarwa, muna jin muryarta daga inda muke tsaye. Babu wanda ya ce a kira ta.

Liman ya ja layi a ƙasa da sandarsa. Ya ce, "Nan gabas ta. Wanda ya tsugunna kar shi ba alƙibla gaba, kar shi ba ta baya. Sauran magana taku ta."

Ke nan ƙofa ko dai ta kalli arewa ko ta kalli kudu. Arewa gona ce, babu kowa. Kudu filin lakwal ne, wanda ba shi da katanga, sai ƴar hanya, sai babban itacen dogon yaro inda mai shayi yake da tebur, mahauci yake da tukuba. Nan ce majalisar garinmu. Tun hantsi har azahar maza na zaune a wurin, dattawa a kan tabarma, ƴan kabu-kabu a kan baburansu.

Mushe ya ce, "In ƙohwa ta kalli gona, ran kasuwa duk wanda ya sha hura nan za shi sauke ta. Kyauren ƙarhe kuma ba shi kwana biyu ɓarayi ba su ɓalle shi ba. Ina son in riƙa ganin ƙohohin daga buro, ɗakin aikina."

Wakilin maigari ya yi dariya ya ce, "Ga ma majalisa nan, su yi muna gadi kyauta."

Aka juyo aka dube ni, don ni ne magini. Ni kuwa bulo nake aunawa a kaina. Ɗaki huɗu a jere, rami ɗaya, rufi ɗaya, kowane ɗaki ya ari bangon ɗan'uwansa, siminti zai isa har da saura. Na ce kudu ta yi. A gidan mutum da na nemi tsohuwa. A lakwal ban ga zaure ba, ban ga cikin gida ba, sai na ga kamar babu wanda za a tambaya.

Ginin kansa ba shi da aibi, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Marmara na samu, na jera bulo da igiya, dal ya sha ruwa har ya yi ƙara kamar ƙarfe in an ƙwanƙwasa. Na sa bututun iska a baya, na ɗaura masa raga saboda ƙuda. Na bar tazarar taƙi guda a ƙarƙashin kowane kyaure don iska ta riƙa shiga. Ƙofa biyu na shafa musu shuɗin fenti, na maza, biyu kore, na mata. Ƴan majalisa suna kallona tun daga sarar farko har rufi, suna ba ni shawarar da ban tambaya ba, suna aiko mini da shayi. Ran da aka buɗe, Mushe ya tara yara ya ce daga yau duk wanda aka kama a gona zai sha bulala. Mai gonar ma ya ji daɗi, ya kewaye abarsa da ƙaya.

Bayan ƴan watanni aka kira ni gyaran sakata. Ɓangaren maza ya sha aiki, fenti ya goge a wurin hannu, sakata ɗaya ta karye. Na leƙa ɓangaren mata, na tarar da shi kamar ranar da na gama. Yanar gizo a kusurwa, zanzaro ya yi gini a jikin bango, a ɗaki na ƙarshe har kaza ta shiga ta ƙarƙashin kyaure ta yi ƙwai. Na fito ina ce wa Mushe lallai mata sun fi maza tsabta. Shi ma ya ce haka ne.

Ɗiyata ta fari tana ajin ƙarshe a shekarar. Ba na kiran sunanta na yanka, Lami muke ce mata. Kun san yadda ɗan fari yake a wurinmu: ba a zama hira da shi, ba a yabonsa a gaban mutane, in wani abu na damunsa ta bakin wani ake ji. Madam ta sha aiko wa uwarta cewa yarinyar nan in ta zauna jarrabawa za ta wuce kwaleji a Konni. Ina ji, in yi kamar ban ji ba, in tafi in sayo mata fitila.

Da bazara ta shigo, Lami ta daina shan koko da safe. Ta daina tafiya da gorar ruwa. Da hutun hantsi sai ta dawo gida da ciwon kai, ta kwanta, ba ta komawa. A kowane wata kuma akwai kwanakin da ko fita ba ta yi. Na sayo ƙwayoyi wajen mai talla a kan keke. Na karɓo rubutu wajen Liman. Da zazzaɓi ya haɗu da ciwon mara, uwarta ta kai ta asibiti a amalanke. Da suka dawo na tambayi abin da likita ya ce, uwar ta dubi ƙasa ta ce, "Ya ce ta riƙa shan ruwa." Rabin maganar ke nan, sauran rabin ba irin wanda mace ke faɗa wa mijinta a kan ɗiyar fari ba ne. Ni kuwa sai na tafi kasuwa na sayo sabuwar gora.

Wadda ta gaya mini taubashiyata ce, Hassi, ɗiyar gwaggona, mai tuyar ƙosai a bakin lakwal. Tsakanina da ita babu kunya, tun muna yara muke zagin juna, al'ada ce ta ba mu. Wata rana da hutun hantsi ina zaune a majalisa da kofin shayi, ana zancen iyaka, sai ta tsallako hanya da buta cike da ruwa, ta dire ta a gabana.

"Bawana, tashi."

"Kin ƙone ƙosai kin zo neman wanda za ki ɗora ma laihi?"

"An ce kai na gwanin masai na ƙasar Alela. Ka taɓa shiga wanda ka gina?"

"Ni da na gina shi, mi zan gani ciki?"

"Ba gani na ce ba. Ɗauki butar ga, ka ratsa hili, ka shiga koren kyaure na ƙarshe. In ka iya, ƙosanka daga wagga kasuwa zuwa ta gaba kyauta na."

Majalisa ta ɗauki dariya, ana cewa Idi kada ka bari mace ta kayar da kai. Na aje kofi, na ɗauki buta.

Ban san filin nan yana da faɗi haka ba, ni da na auna shi da igiya. Ina tsallaka hanya mai shayi ya ce, "Idi, a sauka lahiya." Mahauci ya ce, "Jama'a ku shaida, ba namana ya ci ba." Wani ɗan kabu-kabu ya danna oda. Yara suka bar wasa suka tsaya suna kallo. Butar tana ɗiga a ƙafata, na rasa hannun da zan riƙe ta da shi, in na mayar da ita gaba yara na gani, in na mayar baya majalisa na gani. Na ja kyauren, ya yi ƙarar da na tabbata an ji ta har masallaci. Na shiga na rufe.

A ciki ina jin kowace kalma da ake faɗa a gindin dogon yaro, ke nan su ma za su ji duk motsin da aka yi a nan. Na dubi ƙasa, na ga hasken tazarar da na bari, na san ana ganin ƙafafuna. Ban yi komai ba, tsaye kawai nake da buta. Sai na ji muryar yayana yana cewa, "Ya daɗe hwa." Fitar ta fi shigar wuya. Da na fito aka yi mini tafi.

Hassi ba ta yi dariya ba. Ta karɓi butarta, ta yi magana ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji.

"Kai da gemunka ka ji yadda ka ji. To ɗiyarka hwa? Ga baffanta nan zaune, ga kawunta can kan tabarma, ga samarin gari bisa babura. Ta ratsa gabansu da buta, su ga shigarta, su ga hitarta? Kun hana su gona, kun sa ƙaya. Yaran ga tun asuba ba su shan ruwa don kar hitsari ya kama su. Da ƙishirwa suke zaune cikin aji, da zahin ga. Manyansu in al'ada ta zo musu, gida suke zama. Madam ta gaya ma Mushe, ya ce a bar su, za su saba."

Na ce, "Mi ya hana a gaya mini?"

"Wa za shi gaya maka? Lami? Ko uwarta? Ai don irin haka anka yi taubasai."

Mai shayi ya hau wanke kofunan da ya riga ya wanke. Yayana ya tashi ya ce yana da aiki a gona, alhali ko shuka ba a yi ba.

Gyaran bai zo da sauƙi ba. Liman ya zo ya tsaya a gaban ginin, ya daɗe yana kallon majalisa daga nan, ya ce, "Na dubi gabas, ban dubi kudu ba." Ƙungiyar da ta ba da siminti ta gama aikinta ta tafi. Iyaka a rufe, wake da albasa ba su fita, babu mai abin taimako. Aka ce mai shayi ya tashi, ya ce itacen ya girmi lakwal. Na kafa zana a gaban koren kyaurayen, awaki suka ci gindinta, hadarin farko ya kwashe sauran. Kafin a ce wani abu lokacin jarrabawa ya zo ya wuce, aka yi hutu.

Sai bayan kaka mata suka tara wake tiya-tiya, aka sayar aka sayi siminti. Wannan karon ban taɓa cebur ba sai da na tsaya a wurin tare da Madam da Hassi da iyaye mata uku, na durƙusa na gaishe su, na ce su nuna mini. Ba su yi mini da sauƙi ba. Suka ce a toshe ƙofofin mata, a fasa bangon baya su kalli arewa. A yi katanga mai lanƙwasa wadda ta fi namiji tsawo, hanyar shiga ta biyo ta bayan aji. Randa da buta su zauna a cikin katangar, kada yarinya ta sake ɗaukar buta a fili. Kyaure ya sauka har ƙasa, iska ta shiga ta sama. A sa sakatar da ƙaramin hannu zai iya ja, a kafa ƙusa ta rataya zane, a aje toka da sabulu kusa da randa. Ɗaya daga cikin iyayen ta ce, "Magini, ka rubuta ko ka riƙe?" Hassi ta ce, "Bar shi, ya riƙe. Ƙahwahunshi sun riƙe mishi."

Juya ƙofa ba fasa bango kawai ba ne. Sai da na sassaƙe matakan ƙafa na juya su, na ciro bututun iska na mayar da shi gaba, duk a kan dal ɗin da ke bisa rami, ina bugawa a hankali kada ya tsage. Gyaran ya fi ginin farko cin lokaci. Ban karɓi ladan aiki ba, babu kuma wanda ya yi mini tayi.

Abin da ya biyo baya Madam ce ta gaya mini, ni ma na gani. Randar mata sai an cika ta sau biyu kafin azahar. Yara mata suna zama har a tashi, su dawo da yamma. Gyangyaɗi a aji ya ragu, ciwon kai ya ragu, wadda ta sha ruwa ta karya kumallo tana jin abin da ake faɗa. Maza suka yi kishi sai da aka aje musu tasu randar. Hassi ta kafa doka, ba ta miƙa wa yaro ƙosai sai ya nuna mata hannu a jiƙe, ciwon ciki ya ja baya. Daga baya an yi ta samun ƴan matan garinmu a kwaleji. Duk lakwal ɗin da aka kira ni tun daga nan, har Bazaga, ba na sara diga sai an kira mini malama da iyaye mata, in an ce babu lokaci in ɗauki kayana.

Da aka gama katangar na yi abin da ban taɓa yi ba. Na sami Lami tana surfe a tsakar gida, na tsaya, na yi mata magana da bakina. Na ce an gyara wurin, ta koma lakwal. Ta tsayar da taɓarya, ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Baba, ƴan ajinmu sun wuce. Waɗanda za ni zauna da su, ni na goye su." Ta ci gaba da surfenta. Na aika uwarta, na aika Hassi, Madam ta zo da kanta. Ba ta koma ba. Yanzu ɗinki take yi, da keken da ta saya da kuɗin akuyarta.

Ga abin da aikin ya ci. Bango biyu da na fasa, zana huɗu, waken mata na kaka guda, da fatar bakina a majalisa. Ƴan mata tara ne a ajin ƙarshe a shekarar. Biyu suka zauna jarrabawa, su ma don gidajensu na jingine da lakwal ne, suna tsallakawa su dawo. Bakwai suka bari. Bayan gyara ɗaya ta dawo. Shida ba su dawo ba, Lami na cikinsu.